Ciwon Gwiwa Ga Wanda Ya Soma Gudun Motsa Jiki

Maigida, in ka fita da sassafe ba wuya ka gamu da samari biyu ko uku suna sassarfa a hanyar bayan gari. Waɗansu suna shirin zuwa gwajin ɗaukar soja ne ko ɗan sanda, waɗansu kuwa 'yan ƙwallo ne. Wani lokaci ma za ka ga magidanci mai ɗan tumbi a bayansu yana haki. Shi an auna shi ne a asibiti, an ce jininsa ya hau, ko sukari ya yi masa yawa, likita ya ce ya riƙa motsa jiki. Duk wannan abu ne mai kyau. Amma in ka koma hanyan nan bayan mako uku, sai ka tarar da yawansu sun daina fitowa. In ka tambaya, a ce maka gwiwa ce ta hana.

Domin irin waɗannan mutane aka rubuta wannan takarda. In kana cikinsu, karanta ta a tsanake. In ɗanka ne, ko ƙanenka, ko maƙwabcinka wanda bai iya karatu ba, ka karanta masa.

Tun da fari sai mu faɗi gaskiya, ba kowa ke bukatar gudu ba. Manomin da ke wuni a gona da fartanya, da matar da ke ɗebo ruwa daga rijiya mai nisa tana daka tana surfe, sun riga sun sami rabonsu na motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shawarar da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 a mako na aikin da zai ɗan sa shi haki, ko minti 75 na aiki mai ƙarfi irin gudu. Mai noma yakan wuce wannan tun mako bai raba ba. Masu bukata su ne mai tebur, da tela, da direba, da ɗan acaɓa, da malamin makaranta, da duk wanda sana'arsa ta zama ce. Har manomin ma, in rani ya yi ya koma zaman dandali wata biyar, ya shiga cikinsu.

YADDA GWIWA TAKE

Miƙe ƙafarka a kan tabarma, ka saki jiki, ka dafa gwiwarka. Wannan ɗan ƙashi mai kama da marfi da kake iya turawa dama da hagu shi ne ƙoƙon gwiwa. A bayansa ƙashin cinya ya sauko ya zauna a kan ƙashin ƙwauri. Bakin kowane ƙashi an lulluɓe shi da guringuntsi mai santsi, irin wanda kake gani fari fat a gaɓar ƙafar rago, ga kuma ɗan ruwa mai yauƙi a ciki wanda ke yi wa gaɓar aikin mai. Jijiyoyi masu tauri sun ɗaure ƙasusuwan ta ciki da ta gefe don kada su goce.

Babbar tsokar gaban cinya ita ce ke miƙe ƙafa. Jijiyarta ta bi ta kan ƙoƙon gwiwa ta je ta kama ƙashin ƙwauri. Ka san yadda igiyar guga ke bin kwarmin da ta ci a itacen bakin rijiya? To, haka ƙoƙon gwiwa yake, yana da nasa kwarmi a ƙarshen ƙashin cinya, yana hawa yana sauka a ciki duk sa'ad da ka lanƙwasa ƙafa ko ka miƙe ta. In tsokar cinya da ta ɗuwawu suna da ƙarfi, sai su riƙe ƙafa sosai, nauyi ya rabu daidai. In sun gaji, ko ba su da ƙarfi tun asali, sai gwiwa ta riƙa karkata ciki, nauyi ya taru a wuri guda.

Nauyin kuwa ba kaɗan ba ne. Mai tafiya kullum ƙafarsa ɗaya tana ƙasa. Mai gudu tsalle yake yi daga wannan ƙafa zuwa waccan, kowace dira kuwa ƙafar tana karɓar ninkin nauyinsa biyu zuwa uku. Mutum mai kilo 70, in ya dira, kamar ya ɗora wa ƙafa ɗaya kilo 140 ne ko fiye. A minti guda yakan dira sau 150 ko sama da haka. Lissafa ka ga abin da gwiwa ta ɗauka a rabin awa.

ABIN DA KE KAWO CIWON

Kada wannan lissafi ya tsorata ka. An halicci gwiwa ta iya ɗaukar wannan kaya, in an saba mata da shi sannu a hankali. Ka tuna yadda hannunka yake a ranar farko ta noman fari. Da yamma sai ka ga tafin hannu ya yi bororo, ruwa ya taru, ko tuwo da ƙyar kake ci. Amma kafin a kai maimai ya yi kanta, ƙotar fartanya ba ta ƙara damunsa. Fartanyar ba ta sake ba, hannun ne ya saba. Haka kuma ba wanda ke ɗaura wa sabon sa garma ya sa shi huɗar gona guda a ranar farko.

Ga inda masu koyon gudu suke ruɗuwa. Gaɓoɓin jiki ba su sabawa da aiki lokaci ɗaya. Zuciya da huhu suna da saurin sabo, cikin mako biyu ko uku sai ka ji haki ya ragu, ƙirji ya buɗe. Tsoka tana biye da su. Amma jijiya da guringuntsi da ƙashi jini kaɗan ke ratsa waɗansunsu, sabonsu sai an yi watanni. Saboda haka a mako na uku numfashinka yana ce maka ƙara, kai kuwa ka ƙara nisa, ka ƙara sauri, ka riƙa fita kullum, alhali gwiwa tana can baya ba ta iso ba. Wannan shi ne asalin yawancin ciwon gwiwar sabon mai gudu. Ba mayu ba ne, ba sammu ba ne, ba kuwa tsufa ba ne. Kaya ne aka ɗora wa gaɓa kafin ta shirya. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Saurayi mai shirin gwajin soja shi ya fi faɗawa cikin wannan. Sai ya ji sanarwa saura mako biyu, ya tashi ya ce zai rama abin da bai yi ba shekara guda. Safe gudu, yamma gudu, har da ɗaukar buhun yashi a wuya. Ranar gwaji ta zo yana ɗingishi, kuɗin mota da na takardu sun tafi a banza, sai kuma wata shekara. Da ya soma wata uku kafin lokacin, da bai sha rabin wannan wahala ba.

Manomi kuma yakan ce, "Ni da nake huɗar kadada, gudun minti 20 ne zai gagare ni?" Ƙarfin noma gaskiya ne, amma a baya da kafaɗa da hannu ya fi yawa. Dirar gudu wani aiki ne dabam, shi ma sai an koya wa ƙafa.

Akwai masu cewa gudu yana cinye gwiwa, wai duk mai gudu da sanda zai ƙare. Likitoci sun bincika wannan magana. A 2017 an tattara sakamakon bincike da yawa da aka yi a kan mutum fiye da 100,000, aka duba masu amosanin gaɓar gwiwa ko ta ƙugu. Cikin kowane mutum 1,000 masu gudu daidai wa daida don lafiya, an sami 35 da ciwon. Cikin 1,000 masu zama ba motsi, an sami 102. Cikin 1,000 masu gudun gasa, waɗanda suka yi shekaru suna gudu mai tsanani, an sami 133. Ka ga ashe gudu na hankali ba abokin gāban gwiwa ba ne. Zama da ƙiba sun fi shi ɓarna. An kuma auna an ga kowane kilo ɗaya da mai ƙiba ya rage, yana sauke wa gwiwarsa wajen kilo 4 a kowane taku.

INA NE YAKE MAKA CIWO?

Ɗora yatsa a inda ciwon yake, gama wurin yana ba da labari.

In cinya ce da sha-raɓa suka yi tsami kashegarin gudu, ƙafa biyu duka, wannan tsamin jiki ne kawai. Yakan tsananta a kwana na biyu, ya wuce kafin kwana 4 ko 5. Ba ciwo ba ne, kada ka sha masa magani.

Wanda ya fi yawa shi ne ciwon gaban gwiwa, a kewayen ƙoƙon ko a bayansa. Ba ka iya nuna shi da yatsa ɗaya, sai dai ka dafa da tafin hannu ka ce nan ne. Yana tashi in kana gangarowa daga tudu, ko ka tsuguna a bayan gida, ko ka durƙusa, ko ka daɗe a zaune cikin motar haya gwiwa a lanƙwashe, in ka zo sauka sai ka ji ta riƙe. Turawa har suna kiransa gwiwar mai gudu. Ya fi kama mata da matasa. Yana da ban haushi, yana kuma da naci, amma ba alamar wani abu ya tsinke ba ne.

Akwai na gefen gwiwa ta waje, mai suka kamar tsinke. Shi ba ya nan sa'ad da ka soma gudu, sai ka yi minti 10 ko 15 ya taso, in ka tsaya ya lafa. Wata doguwar jijiya ce mai faɗi da ta taso daga ƙugu ta bi gefen cinya, ita ce ke matsa naman da ke ƙarƙashinta. Gangara da karkatacciyar hanya suna tsokanarsa. Akwai kuma na ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa daidai, a kan jijiyar da ta kama ƙwauri, wanda ya fi samun masu tsalle da 'yan ƙwallo.

Uwargida, ga wanda ya shafe ki. In yaronki mai shekara 10 zuwa 15 yana kukan ciwo a ƙasan gwiwa, kin taɓa kin ji wani ƙullutu mai tauri a saman ƙashin ƙwauri, yana zafi in ya yi ƙwallo ko ya durƙusa, kada hankalinki ya tashi. Ƙashinsa ne ke girma, jijiya tana jan wurin da bai gama ƙwari ba. Likitoci biyu, Osgood a Amurka da Schlatter a Suwizalan, su suka bayyana shi tun 1903. Yakan tafi da kansa in yaro ya gama tsawo, ko da ƙullutun ya zauna. A rage masa ƙwallo, a kai shi a duba don a tabbata, amma kada a bari wanzami ya taɓa wurin.

Gwiwar da ke ƙara ƙas-ƙas in ka tsuguna, ba zafi ba kumburi, ka rabu da ita. Mutane da yawa masu lafiya haka tasu take.

IN CIWON YA RIGA YA ZO

Mutane sukan kasu biyu a nan, duka kuwa sun yi kuskure. Wani ya cije ya ci gaba, ya ce namiji ba ya raki. Wani ya kwanta wata guda ba motsi, tsokar cinya ta saki, ranar da ya koma gudu ciwon ya dawo fiye da dā. Hanyar da ta dace tana tsakani, watau ka rage kayan, amma kada ka sauke shi duka.

Ga ma'aunin da za ka riƙe, ba ya bukatar likita: shin ciwon ya kwana, ko bai kwana ba? In ka ji ɗan ciwo kaɗan lokacin gudu, wanda bai sa ka ɗingishi ba, bai ƙaru ba yayin da kake tafiya, da gari ya waye kuma gwiwa ta koma yadda take jiya da safe, to, abin da ka yi bai fi ƙarfinta ba, kana iya ci gaba a kan wannan adadi. In kuwa ka tashi da safe ciwon yana nan, ko ya fi na jiya, ko gwiwa ta ɗan kumbura, ka wuce gona da iri. Sai ka bar gudu kwana 3 zuwa mako guda, ka riƙa tafiya a ƙasa mai laushi ko hawan keke, ka ɗaga sirdin keken yadda ƙafa za ta kusa miƙewa. Sa'ad da ka iya tafiyar rabin awa ba ciwo, ka koma gudu da rabin abin da kake yi dā. Ciwon da ya sa ka ɗingishi kuwa, tsaya nan take, ka taka a hankali zuwa gida.

A kwanakin nan ka rage abubuwan da ke matse ƙoƙon gwiwa. Kada ka daɗe a tsugune, nemi kujera ko turmi ka zauna. In zaman ya yi tsawo, miƙe ƙafa lokaci lokaci. Wajen durƙuso ka ninka mayafi ka sa a ƙarƙashin gwiwa.

Sanyi yana rage zogi. In ana sayar da ƙanƙara a garinku, naɗe ta a tsumma ka ɗora minti 15, kada ta taɓa fata kai tsaye. In babu, tsumma da ruwan randa ya isa. Ka sani dai sanyin yana kwantar da zafi ne kawai, ba shi ke warkarwa ba. In akwai kumburi, kwanta ka ɗora ƙafar a kan matashi, ka bar ruwan zafi da tausa mai ƙarfi sai bayan kwana biyu ko uku.

Maganin da ya fi sauƙin haɗari shi ne farasitamol, wanda aka fi sani da Panadol. Baligi yana shan ƙwaya 2 masu miligiram 500, a bar aƙalla awa 4 tsakani, kada a wuce ƙwaya 8 a yini da kwana, gama fiye da haka yana lalata hanta. Ibufurofen da dikulofenak suna aiki, amma suna cin ciki suna kuma wahalar da ƙoda. Ba a shan su da yunwa, ba a wuce 'yan kwanaki. Mai gyambon ciki, da mai hawan jini, da mai ciwon ƙoda, da mace mai ciki, kada su sha sai da izinin ma'aikacin lafiya. Irin na shafawa ya fi sauƙi ga ciki.

Kada ka sha magani don ka sami damar yin gudu. Ciwo ɗan aike ne, in ka toshe masa baki ba ka san lokacin da ɓarna ta yi yawa ba. Nan ne tiramadol ya cuci samari da yawa. Yana ɓoye ciwo da gajiya, yana kama mutum har ya kasa rabuwa da shi, yana kuma jawo farfaɗiya. Haka nan ƙwayoyin haɗi da masu talla ke ƙullawa a leda ranar kasuwa, ja da fari da rawaya, ba suna ba kwali. Sau da yawa akwai mai kumbura fuska a ciki, mai ta da sukari da hawan jini. Wanda likita ya sa shi gudu don sukari, in ya sha wannan, ya rushe abin da yake ginawa.

Sai maganar tsaga da ƙaho da sakiya. Mun san wanzami mutumin gari ne, yana da aikinsa, ana kuwa girmama shi. Amma gwiwa ba wurin aska ba ce. Gaɓar tana kusa da fata ƙwarai, in ƙwayar cuta ta shiga ciki ta yi mugunya, tana iya cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki, ƙafa ta sandare har abada. Ga kuma cutar sarƙewar haƙora, da ciwon hanta, da sauran cututtukan da aska ɗaya ke ɗauka daga wani zuwa wani. Babu wani mataccen jini a ciwon gaban gwiwa da za a zuƙe. Maɗori kuma ba shi da abin ɗorawa a nan, tun da ba abin da ya karye, ɗaure gwiwa da karare mako uku sai dai ya ƙara mata tauri.

MAGANIN GASKE YANA CINYA DA ƊUWAWU

Abin da likitocin gaɓoɓi suka fi amincewa da shi ga ciwon gaban gwiwa shi ne ƙarfafa tsokar cinya da ta ɗuwawu tare. Ba ya cin ko kwabo, tabarma da bango da kujera sun isa. Uwargida ma tana iya yi a tsakar gida.

Kwanta rigingine, ka lanƙwasa ƙafa ɗaya, ɗayar a miƙe. Ɗaure tsokar cinyar da ke miƙe, ka ɗaga ƙafar kamar taƙi ɗaya da rabi daga ƙasa, ƙirga 3, ka sauke a hankali. Yi sau 10, ka juya ɗayar. Sa'an nan lanƙwasa duka biyu, tafin ƙafa a ƙasa, ka ɗaga ɗuwawu sama har cinya da ciki su yi layi ɗaya, ƙirga 3, ka sauke. Sau 10 shi ma. Bayan haka juya ka kwanta a gefe, ƙafar sama a miƙe, ka ɗaga ta sama kana ɗan jan diddige baya, kada ƙugu ya mirgina. In ka yi daidai za ka ji zafin aikin a gefen ɗuwawu. Wannan shi mutane suka fi rainawa, shi ne kuwa ke hana gwiwa karkata ciki.

Da waɗannan sun yi sauƙi, sai ka tashi tsaye. Zauna a benci, ka miƙe ba tare da dafa komai ba, ka koma ka zauna sannu sannu kamar mai tsoron fasa ƙwai. Dubi gwiwoyinka, kada su haɗu, kowace ta kalli yatsan ƙafa na biyu. Daga nan jingina bayanka da bango, ƙafafu gaba kaɗan, ka zame ƙasa kaɗan, ba can ƙasa ba, ka tsaya ƙirgen 20. Daga baya ka ƙara da hawa dakali marar tsawo da ƙafa ɗaya, da saukowa a hankali.

Kowanne sau 10, a zagaya sau 3, kwana 3 a mako. Ma'aunin nan na ciwon da ya kwana yana aiki a nan ma. Kada ka sa ran ganin bambanci a mako guda. Yawanci sai an yi mako 6, wani ma har 12, nan ne kuwa mutane ke gajiya su bari, saura kaɗan su ga amfanin.

YADDA ZA KA SOMA, KO KA SAKE SOMAWA

In ka haura shekara 40, ko kana da hawan jini, ko sukari, ko ciwon zuciya, ko ƙiba mai yawa, ko amosanin jini wanda ake kira sikila, je a auna ka tukuna. Mace mai ciki ko mai jego ta tambayi ma'aikaciyar asibiti. Wanda ya daɗe ba motsi ya fara da tafiya mai sauri ta rabin awa, mako biyu ko uku, kafin ya ɗaga ƙafa.

Akwai wani tsari na mako 9 da wani Ba'amurke mai suna Josh Clark ya shirya a 1996, wanda hukumar lafiya ta Ingila ta ɗauka tana koya wa jama'arta. Kwana 3 ake fita a mako, da hutun kwana guda tsakani. Kullum za ka soma da tafiya mai sauri ta minti 5 don jiki ya yi ɗumi. A makon farko, sassarfa minti 1, tafiya minti 1 da rabi, a maimaita sau 8, minti 20 ke nan. A mako na biyu, sassarfa minti 1 da rabi, tafiya minti 2. A na uku a kai sassarfa minti 3. Haka ake ƙarawa kaɗan kaɗan, tafiya tana raguwa, har a mako na 9 mutum ya yi rabin awa bai tsaya ba. In mako ya yi maka nauyi, maimaita shi, ba wanda ke binka da bulala. In ba ka da agogo, na waya ya isa, ko ka yi ƙirge da turakun lantarki ko itatuwan bakin hanya.

Saurayi zai ce wannan wasan yara ne, makon farko ko gumi bai yi ba. Haka ake so. Numfashinka ba shi ake jira ba, gwiwa ake jira. Ranar hutun nan kuwa kada ka ɗauke ta ranar banza, a cikinta ne jiki ke gyara abin da gudu ya taɓa, ya ƙara masa ƙwari.

Saurin da ya dace shi ne wanda in ka gamu da dattijo a hanya za ka iya gaishe shi, ka amsa ina kwana da ina gajiya da yaya iyali, numfashi bai yanke ba. In gaisuwa ta gagara, ka yi sauri da yawa. Kada kuma ka ƙara nisa da sauri da hawan tudu duk a mako ɗaya, ɗaya bayan ɗaya ake yi.

Lura da takunka. Sabon mai gudu yakan wurga ƙafa can gaba, ya dira da diddige gwiwa a miƙe, kamar mai taka burki. Gajarta taku, ka yawaita shi, ƙafa ta riƙa sauka kusa da ƙarƙashin jikinka. An gwada an ga ƙara yawan taku da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 yana rage nauyin da ke kan gwiwa. Ƙirga sau nawa ƙafarka ta dama ke taɓa ƙasa a minti guda. In 75 ne, nemi 79 ko 80, ba tare da ka ƙara sauri ba. Kunnenka ma zai taimake ka: in ana jin dirarka tim tim daga nesa, sassauta.

Filin makaranta ko hanyar burji mai shimfiɗa sun fi dacewa da mai koyo. Rairayi mai zurfi yana gajiyar da ƙafa, gona mai kunyoyi da burtalin da shanu suka tattake da damina suna kawo targaɗe. Gefen kwalta a karkace yake don ruwa ya gangara, in kullum gefe ɗaya kake bi, ƙafa ɗaya tana ƙasa da 'yar'uwarta, ga kuma haɗarin mota. Gangara ta fi hawa wahalar da gwiwa, saboda haka a watan farko in ka zo gangara ka taka da ƙafa.

Takalmi ba sai mai tsada ba. Kambas wanda ya yi maka daidai, da ɗan wuri kamar faɗin babban yatsa a gaba, wanda ka ji daɗinsa tun a gwaji, ya wadatar. In na gwanjo ne, ajiye shi a kan tebur ka duba ta baya, in dunduniyar ta cinye gefe ɗaya har ya karkata, bar shi. Silifa ba ta gudu ba ce. Ka fita bayan gari ya waye sosai yadda za ka ga rami da maciji, ko da yamma in rana ta yi sanyi. Da bazara ka sha ruwa kafin ka fita da bayan ka dawo. Da azumi a bari sai bayan an sha ruwa, a kuma rage.

WANDA BA A JIRA DA SHI

Duk abin da aka faɗa a sama na ciwon da ya zo a hankali ne. Akwai waɗansu alamu da ba a yi musu maganin gida. In gwiwa ta kumbura, ta yi zafi kamar wuta, ga zazzaɓi, mutum ba ya yarda a taɓa ta, a kai shi asibiti a ranar, ko da dare ne, gama mai yiwuwa mugunya ce a cikin gaɓa. In ka murɗe ƙafa ka ji wani abu ya yi ɓas, gwiwa ta cika cikin 'yan awoyi, ko ka kasa taka ta ko taku 4, ko siffarta ta sake, wannan rauni ne, yana bukatar hoto. In sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana ciwo, kada a yi mata tausa, jini ne mai yiwuwa ya daskare a jijiya, a tafi asibiti nan da nan. Ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe lokacin gudu, a tsaya, a nemi likita a ranar.

Akwai kuma waɗanda za a kai cikin 'yan kwanaki: gwiwar da ke kullewa ta ƙi miƙewa, da wadda ke sulluɓewa mutum ya tashi faɗuwa, da ciwon da ke ta da mutum daga barci kowane dare, da kumburin da ya daɗe tare da rama ko tari. Yaron da ke ɗingishi yana nuna gwiwa, a ce wa likita ya duba ƙugunsa ma, domin ciwon ƙugu a yara sau da yawa a gwiwa ake jinsa. Haka kuma in ka rage gudu, ka yi motsin cinya da ɗuwawu mako 6 ba fashi, ba ka ga sauƙi ko kaɗan ba, je a duba ka.

Ka fara da ƙaramin asibitin da ke kusa da ku. In abin ya fi ƙarfinsu, za su ba ka takarda zuwa babban asibiti, inda akwai hoto da masu gashin ƙashi, ko zuwa asibitin ƙashi irin na Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959. Sa'ad da za ka tafi, sa wando mai faɗi wanda za a iya naɗewa har cinya. Tafi da kwalin duk maganin da ka sha, har da na leda, kada ka ɓoye. Ka shirya faɗa wa ma'aikacin lafiya ranar da ciwon ya soma, da inda yake daidai, da abin da ke ta da shi, da yawan gudun da kake yi a makon da ya zo. Takalmin gudun ma ka riƙe shi a hannu, zai so ya ga inda ya cinye.